Bakano Ya Sayi Shiru da Kuɗinsa

Alhaji na Kantin Kwari, bawana ɗan bawan kakana, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ya kasuwa, ya fama da masu cin bashi? Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, ina fatan a rubuta mini shi cikin ayyukan haƙuri. Ka ce autanka ya matsa maka ka yi masa odar wani littafin zane daga Amurka, kaya suka iso, ka buɗe ka ga hotuna zalla babu rubutu, ka rantse ka maya cewa an yi maka sakiyar da ba ruwa, har kana neman lambar masu ɗab'in su dawo maka da kuɗin tawada. Littafi bai ce uffan ba, kai ka yi masa surutun da sai da wayata ta ɗauki zafi.

To gyara zama in karanta maka abin da ka saya. Dama haka aka raba mana aiki tun kaka da kakanni: Kanawa su saya, Zage-zagi su gane.

Abin da ke hannunka fitowa ta 121 ce ta mujallar New X-Men, ta kamfanin Marvel da ke birnin Niyok. Ta shiga kasuwa tun kafin Fabrairun 2002 da aka buga a bangonta, don haka masu wannan sana'a suke yi, suna tura kwanan wata gaba. Kai da ka san yadda atamfar bara take komawa sabon yayi in an sake mata leda, ba sai na tsaya yi maka bayani ba. Rashin rubutun kuwa umarni ne daga sama. Shugabannin kamfanin na lokacin, Bill Jemas da Joe Quesada, su suka ce a watan Disamba na 2001 mujallunsu su fito ba magana, suka sa wa shirin suna 'Nuff Said. Ba kansu farau ba. Tun 1984 Larry Hama ya fitar da G.I. Joe ta 21 ba wanda ya yi ko tari a ciki, kafin shi kuma, a Faransa, Moebius ya zana Arzach a 1975, wani mutum a bayan ƙaton tsuntsu yana ratsa duniyar da ba a san inda take ba, shi ma bakinsa gum. Amma yawancin abin da Marvel ta fitar a watan nan yau ba mai tuna shi, saboda kana gani ka san labarin yau da kullum ne aka toshe wa baki, mutane na ta zare ido da nuna yatsa suna neman a tausaya musu. Naka ne ya rayu. Mutum biyun da suka yi shi, Grant Morrison a wajen tsara labari da Frank Quitely a wajen zane, dukansu 'yan Gilasgo ta Sikotilan, ba su ɗauki labari sun cire masa harshe ba. Wurin da dama can ba a magana suka nema, suka kai labarin can.

Kafin mu shiga sai na biya maka karatun baya, tunda ka faɗo a tsakiya. X-Men dai Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro su a 1963. Farfesa Charles Xavier, wani mai sanƙo a keken guragu, ya buɗe makaranta don yaran da aka haifa da wata baiwa da ke sa sauran jama'a tsoronsu. Tasa baiwar ita ce shiga kan mutum ya ga abin da ke ciki. Da Morrison da Quitely suka karɓi mujallar a 2001, daga fitowa ta 114, sai suka shigo da wata mata mai suna Cassandra Nova, ita ma ƙwal take, ita da Farfesa kamar an tsaga kara. Aikinta na farko shi ne ta tura manyan mutum-mutumin ƙarfe tsibirin Genosha suka hallaka masu baiwa miliyan 16. Na biyu kuma ta yi musayar jiki da Farfesa: ta shige nasa ta yi sararin samaniya da shi, ta bar shi a kulle cikin nata, wanda ta riga ta cika da cuta yana gab da mutuwa. Mai sayar da kaya da ɓoyayyen aibi ya san wanda aka kwara a wannan ciniki. Don haka a fitowar da ka saya, aiki ɗaya ne tak: mata biyu masu irin baiwar Farfesa, Jean Grey da Emma Frost, za su shiga cikin wannan kai su lalubo shi.

Duba shafukan farko da kyau. Jean ta sumbaci mijinta Cyclops, Emma ta kafa kai ta kurɓi wani abu daga 'yar kwalba (ba zoɓo ba ne, kada ka tambaye ni), suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa. A waje aka bar Cyclops mai fitar da wuta daga ido da Wolverine mai faratan ƙarfe, suna zaman jira. Ka ga rainin hankali mai daɗi: littafin gwaraza ne, ranar babban aiki ta zo, an bar masu ƙwanji a benci. Matan nan biyu kuma ba sa ga-maciji. Emma tsohuwar abokiyar gaba ce da ta dawo cikin gida, kuma nan gaba a wannan jerin labari sai da ta shiga tsakanin Jean da mijin nata. Ba wanda ya rubuta maka wannan a shafi, amma dubi yadda Emma ke ɗaga hanci, dubi yadda Jean ke miƙe baya ta yi gaba ba waiwaye. Masu ƙorafi suna cewa Quitely na zana mutane da kumburarren leɓe da fuska kamar an kwana ana kuka. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a zamaninsa ban ga wanda ya kai shi sa kafaɗa da wuyan hannu su yi magana ba, kuma littafin da aka hana wa baki irin wannan mai zanen yake bukata.

Da suka faɗa cikin kan, sai duniya ta sake. Ga matattakala, ga ƙofofi masu fuskokin mutane, ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, can a tsakiyarsa ga hasumiya ita kaɗai. Jean ta tattaro tarkace da ƙarfin zuciyarta ta shiga gina gada. Emma ta tsaya a baya tana fama da ƙofofin nan, suka yi mata wanka da wani abu mai yauƙi, mace mai ji da fararen kaya ta koma abar tausayi. A cikin hasumiyar Jean ta tarar da Farfesa yashe a ƙasa, kansa ya kumbura ya yi girman da jikin ba zai iya ɗaga shi ba. Kusa da shi akwai ɗan ƙwallon gilashin nan na ado, wanda in an girgiza shi farin gari ke zuba a ciki, ango da amarya na tsaye a tsakiya, wato iyayensa ranar aurensu.

A nan ne na ji ka a saƙonka kana cewa labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Alhaji, ka taɓa sauraron kanka da safe kana ba Hajiya labarin mafarki? "Sai na gan ni a gidanmu na da, sai gidan ya zama tasha, sai ga marigayi kawu yana sayar da tikiti." Ba ka taɓa tsayawa ka ce yaya aka yi gida ya zama tasha ba, ita ma ba ta tambaya. Mafarki ba ya kawo dalili, jera abubuwa yake yi, kuma abin da ke cin mutum a rai shi yake mayar masa abin gani da ido. Mutumin da duk rayuwarsa tunani ce, ƙafafunsa sun daina aiki, duniya kuma ta ɗora masa nauyin al'umma guda, in za a zana yadda yake jin kansa, me za a zana in ba ƙaton kai a kan ɗan guntun jiki ba? Wanda aka kulle a jikin wani, ba mai jin kiransa, ina za a same shi in ba a hasumiyar da ruwa ya kewaye ba?

Na samu labari har Kurmi ka aika a sayo maka littafin fassarar mafarkin da ake jingina wa Ibn Sirin, mutumin Basra, don ka duba babin hasumiya da babin ruwa. Wahalar da yaro kawai ka yi, tunda a wurin Bakano duk mafarki fassararsa ɗaya ce: kwantena ta kusa isowa. Malamai sun kasa mafarki uku, na gaskiya, da na Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne kawai, abin da rai ya wuni yana saƙawa. Wannan na ukun aka kwaikwaya. Amma akwai bambanci babba, kuma shi ne sirrin littafin. Mafarkin gaske cike yake da shara, akuyar maƙwabta da tsohon malamin lissafi duk sai su shigo ba gayyata. Wannan kuwa mutum biyu ne idonsu biyu suka zauna suka tace shi, ba abin da aka ajiye a shafi don ado. Ruwan da ka gani kewaye da hasumiya, riƙe shi a ranka, zai dawo da wata fuska.

Ga inda ya dawo. Jean ta kutsa cikin ƙwallon gilashin, farin garin da ke yawo a ciki ya rikiɗe ya zama ƙwayoyin halittar da ake samun ciki da su, tana iyo a tsakiyarsu. Zan taƙaita saboda akwai yara a kusa. Daga ranar aure an zarce daren samun ciki, daga nan sai ga mu cikin mahaifa, ga 'yan tayi biyu a kwance cikin ruwa, mace da namiji. Namijin ya buɗe ido ya dubi 'yar'uwarsa. Abin da ya gani a fuskarta ba a faɗa mana ba. Sai kawai ya kai mata hari, ya nemi shaƙe ta da igiyar cibiya, ƙarfin baiwarsa ya fashe a cikin cikin, uwar da ke ɗauke da su ta faɗo daga matattakala. Mutumin da tun 1963 ake nuna shi a matsayin malamin zaman lafiya, mai wa'azin a yi haƙuri da maƙiyi, aikinsa na farko a duniya, tun bai shaƙi iska ba, yunƙurin kisa ne. Faɗan da ya fi kowanne muni a littafin gwarazan nan, waɗanda suka yi shi ko farce ba su gama fitarwa ba.

Yanzu gaya mini, wace magana kake so a rubuta a wannan shafi? Ɗan tayi ba shi da harshe, bai san sunan komai ba, bai ma san kalmar 'yar'uwa ba. Duk jimlar da aka ɗora a kansa ta babban mutum ce, kuma ko dai ta zama tuhuma ko ta zama uzuri. In an rubuta cewa ya hango sharri a tare da ita, an wanke shi. In an rubuta cewa kishi ne, an yanke masa hukunci. Da aka yi shiru sai aka bar mai karatu shi kaɗai a matsayin shaida, shi ne zai ce a ransa, kai, yaron nan kashe ta zai yi. Ba a gaya maka ba, da bakinka ka faɗa. Sauran mujallun watan sun yi shiru ne don an ce su yi. Wannan ta yi ta nitsawa ƙasa, daga ɗaki zuwa cikin kai, daga kai zuwa hasumiya, daga hasumiya zuwa ciki, har ta isa inda ko an ba ta izinin magana ba abin da za ta iya cewa.

Na san yadda ka karanta shi. Ka lashi yatsa ka bi shafi ashirin da 'yan kai fyat-fyat, ka kai ƙarshe shayi bai huce ba, ka raba dala biyu da 'yan canjin da ke bango da mintin da ka ɓata, ka ga faɗuwa. Rubutu shi ke riƙe ido a shafi, in babu shi sai mai karatu ya riƙe kansa da kansa, kai kuwa ba ka saba tsayawa inda ba a ciniki ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai kai ne mai cewa ba a gane labari sai da magana. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a sinimar Marhaba da Plaza kana kallon fim ɗin Indiya, tun ba a fara fassara su da Hausa ba, ba ka jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma ka fito kana share hawaye, gobe ka tara yaran unguwa ka ba su labari tiryan-tiryan, har da abin da uwar jarumi ta ce wa mugun attajiri. Wa ya fassara maka? Ido da fuska da tafiyar jiki. Ilmin yana nan a kanka, kuɗi ne suka danne shi.

Kada ka ce don mu Zage-zagi muna son abin da ya yi kama da boko shi ya sa nake ta yabo. Akwai inda ƙorafinka ya taka gaskiya, ko da yake da ka aka yi tuntuɓe aka faɗa kanta. Na farko, littafin ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Wanda bai karanta fitowa bakwai da suka gabace shi ba, ba zai san wace ce matar da ke kwance ba, balle ya san me ya sa Farfesa yake cikin kanta. Sai da na cika maka sakin layi guda da bayani kafin mu shiga, wannan kuwa aibi ne ga abin da ake tallarsa da cewa hoto ya wadatar. Na biyu, an yi 'yar ha'inci. In matan nan za su yi wa juna magana, sai a zana musu kumfar magana a zuba ƙananan alamomi a ciki maimakon haruffa. Wannan ai magana ce ta sa niƙabi. Yana da ban dariya, musamman in Emma ta fusata, amma duk inda aka yi shi mafarkin yana ɗan sassautawa, ka tuna cewa wasa ake yi da doka. Na uku kuma laifin kamfani ne: a bayan mujallun watan sun buga wani yanki na rubutaccen tsarin da marubuci ya ba mai zane. Ka ce wa mutane hoto ya isa, sannan ka maƙala musu takardar bayani a baya, ka nuna kai ma ba ka yarda da kayanka ba.

A shafin ƙarshe ne kaɗai aka karya dokar a fili. Jean ta fito daga ɗakin ta sami mazan nan biyu, ta gaya musu a gajarce abin da Farfesa ya yi wa tagwaininsa a ciki, ta ce akwai zama. Wasu na ganin wannan ragwanci ne. Ni ina ganin farkawa ce, kuma dabarar tsohuwa ce. Tun 1905 Winsor McCay yake zana Little Nemo a jaridar New York Herald, yaro na yawo a ƙasar barci shafi guda cur, a gidan zane na ƙarshe kuma kullum sai a gan shi ya farka a gadonsa ko ya faɗo daga kai. Shi Nemo in ya farka ya tsira. Su waɗannan da suka farka ne masifar ta tabbata, don abin da aka gani a mafarki yanzu an furta shi a gaban shaidu, ba ya komawa.

Shekara 18 bayan fitowa ta 121, a 2020, Jonathan Hickman da Russell Dauterman suka sake taka wannan sawu a wata fitowa ta musamman ta Giant-Size X-Men, matan nan biyu dai, wannan karon cikin kan abokiyar aikinsu Storm suka shiga. Zanen ya fi na Quitely sheƙi nesa ba kusa ba, irin wanda za ka so ka buga a jikin atamfa, amma ba abin da ya tsorata ni a ciki. In kuma Cassandra kake son gani tana motsi, tana cikin fim ɗin Deadpool & Wolverine na 2024, Emma Corrin ta fito a matsayinta, tana zura yatsu cikin ƙoƙon kan mutane. Wannan zai yi maka daɗi, don jarumin fim ɗin ba ya rufe baki ko na minti ɗaya, har na yi zargin ko yana da dangi a Fagge.

Abin da ban yafe wa masu labarin ba ya zo ne a fitowar da suka biyo baya. Da magana ta dawo, sai bayani ya dawo da ita. Aka ce ai Cassandra ba 'yar'uwa ba ce irin ta kowa, wata halitta ce da mutanen sararin samaniya na Shi'ar ke kira mummudrai, kishiyar ran mutum wadda kowa ke kokawa da ita kafin a haife shi. Wato dai Farfesa kare kansa ya yi, a tashi a ba shi lambar yabo. Ni ban sayi wannan ba ko da ragi. Ɗan tayin da na gani a fitowa ta 121 bai san wani mummudrai ba, ya ga wani a wurin da yake zaton nasa ne shi kaɗai, ya miƙa hannu wuya. Da sun bar shi haka, da Farfesa ya fi zama mutum.

Ka miƙa wa autan littafinsa, shi zai zauna da shi yadda ya kamata, amma ka cire shafin mahaifar daga hirar cin abinci, kada tagwayen gidanka su fara kallon juna. Watan cika-ciki kuma ya kusa. Kuɗin sharata na bana a aiko su da wuri, sababbin takardu, kuma turmin shaddar da za a haɗo da shi kada ya zama cikin waɗanda rana ta ci a bakin shago.